Kafin Akwati Akwai Lefe: Tarihin Adon da Aka Tsinto a Daji

 

Abin da ya jawo rubutun wannan makon wani labari ne da aka karanta mana a zaman ƙungiya kwanakin baya. Labari ne mai daɗi, an gina shi a kan wani gari na ƙasar Katsina tun kafin zuwan Turawa. Ana tafe lafiya lau har aka zo kai lefe, sai ga marubuciyar ta jero akwatuna shida, ta zuba sarƙar gwal a cikin ƙaramin. Aka yi dariya, ita ma ta dara. Amma da mai jagorantar zaman ya ce to wa zai faɗa mana abin da ya kamata ta rubuta a madadin akwatin, sai wuri ya yi tsit. Kowa a cikinmu yana da littafi, ko ya buga ko yana kan rubutawa a waya, amma aka rasa mai cewa uffan. Mu da muka fito daga Dudunni ma, da kullum muke taƙamar ƙauye ne ya rene mu, sunkuyar da kai muka yi.

Amsar kuwa tana cikin kalmar kanta. Lefe sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, a cikinsa ake zuba tufafin amarya a kai gidansu. Daga baya kwalla ta karɓe shi, fantimoti ya karɓi kwalla, akwati saiti ya kori fantimoti. Kwandon ya ɓace, sunansa ya zauna daram a bakinmu, muna ta faɗa ba mu san me muke faɗa ba. Wannan kunyar ce ta sa muka koma gida muka zauna gaban tsofaffi, muka kuma buɗe 'yan littattafan da hannunmu ya kai gare su. Ga abin da muka tsinto.

Mu fara da kabar, tun da ita ta tona mana asiri. Kaba ganyen goriba ce, galibi na ƙananan da ke tsirowa cunkus a ƙasa kafin su miƙe. Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona a yankin Kusada da Kankiya ya san goriba, don ita ce a dangin dabino da giginya take rabuwa reshe biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Ana yanko kaba, a shanya ta, a tsaga ta sili-sili, wadda za a rina a rina. Jan launi daga karan dafi yake fitowa, wato wata irin dawa da ake shukawa don jan ɓawon karanta, shuɗi kuwa daga baba, irin wanda marina ke aiki da shi. Daga nan sai hannu ya shiga aiki: tabarma, faifai, mafici, malfa, igiya, adudun ajiye tufafi, da shi lefen. Dubi faifai kawai. Abin rufe ƙwarya ne, abin sheƙe gari ne, amma wanda aka saƙa don ɗakin amarya ba a sheƙa komai da shi, a bango ake jera shi don zanensa. Yarinya kan fara tara nata tun kafin a sa mata rana, kuma mata kan gane saƙar wance da ta wance kamar yadda muke gane salon marubuci ko bai sa suna ba.

Kada mu ɗauka goriba abar ƙauyenmu ce kawai. A ƙasar Maraɗi akwai kwari guda da ake kira Gulbin Kaba, ya ratsa ta wajen Mayahi, kuma har gobe mata da yawa a can da yankar kaba da saƙarta suke riƙe gidajensu. A Masar an sami kwandunan 'ya'yan goriba a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda ya rasu sama da shekara 3,000 da suka wuce. Ƙwallon nan kuma da muke gwaguye bayansa mu yar, cikinsa fari ne mai tauri kamar hauren giwa. A Eritiriya, zamanin mulkin Italiya, an kafa masana'antu a garuruwan Keren da Agordat suna yanka shi suna yin maɓallan riga ana kaiwa Turai. Wato abin da yaro ke wurgi da shi a bayan gari, wani Bature ya taɓa ɓalle kwat ɗinsa da shi.

Bayan kaba sai duma. Shuka guda ce, amma siffar ɗan da ta haifa ita ke raɗa masa suna da aiki. Mai faɗi in an fafe shi ya zama ƙwarya, babbar cikinsu masaki, ƙaramar ƙoƙo. Mai wuya ya zama gora ko buta, mai ɗan hannu a raba shi biyu a sami ludayi. Dogon nan siriri shi ne shantu da mata ke kaɗawa a cinya ranar biki, ɗan uwansa kuma zunguru, wanda amarya ke zura hannu a ciki in an ƙunsa mata lalle. Fafewa aiki ne na haƙuri: a yanka, a jiƙa, a kankare ɗacin ciki, a shanya. Shi ya sa aka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Karin maganar duk mun iya ta, aikin da ta fito daga cikinsa ne ya kuɓuce mana.

Adon ƙwarya iri-iri ne. Akwai masu ɗora ƙarfe a wuta su ƙona zane a bayanta, baƙi a kan ruwan ƙasa. Akwai masu sassaƙa da wuƙa, su kankare fatar su bar zanen ya fito, sannan su shafa baƙin tukunya ko farar ƙasa a cikin tsagar. Akwai masu rina ta da karan dafi tukuna. Matan Fulani sun yi fice wajen tattalin irin waɗannan ƙore, har akwai na gado da ba a zuba nono a ciki sam, sai dai a fito da su ranar taro. A ɗakin Bahaushiya kuwa ragaya ce ma'ajiyarsu, igiyar nan da ake ratayewa daga rufin ɗaki, wadda ta ba mu ƙwarya tagari tana ragaya. In ƙwarya ta tsage ba a yar da ita. Akwai mai sana'ar ɗinke ta, gyartai, yana yawo gida-gida da basillarsa. Ku lura da wannan, don yana gaya mana darajar abin: ba a kafa sana'a sukutum don gyaran abin banza.

Abin da ya sami lefe shi ya sami jere. Ƙore da faya-fayai ne jeren farko, masu hali su ƙara da tasoshin tagulla. A ƙarni na 20 kwanonin fenti suka shigo, da farko daga ƙasashen waje, daga baya masana'antun cikin gida suka kama bugawa, langa da samira suka hau bango har rufi. Tangaran a cikin kabet ya biyo baya, yau kuma ga mu a zamanin da ake ɗaukar hoton kicin a saka a Instagram. Marubucin da ya san wannan jerin, da ya leƙa ɗakin mace zai iya gaya maka zamanin da aka yi aurenta, ko ba a ambaci shekara ba.

To, mu zo kan abin da ake sawa a jiki, inda tarihin ya fi nisa kuma ya fi ban mamaki.

Huda abu a zura masa zare a rataya, yana cikin tsofaffin ayyukan ɗan Adam. A shekarar 2021 masu binciken kufai suka ba da labarin wasu 'yan ƙananan bawon dodon-koɗin teku guda 33 da aka tono a kogon Bizmoune, kusa da garin Essaouira a Maroko, duk a huje, an ƙiyasta shekarunsu da aƙalla 142,000. A nan kusa da mu, mutum-mutumin yumɓu na Nok da aka fara tsinta a ramukan haƙar kuza suna ɗauke da duwatsun wuya da na hannu jibgi-jibgi. Mu ma da ƙuruciya mun yi irin namu ba tare da sanin muna maimaita wani tsohon abu ba. 'Yan mata kan tsinci 'ya'yan minjirya jajaye su shirya abin wuya, ko idon zakara mai ja da ɗigon baƙi, wanda manya ke kwaɓar yara kada su kai shi baki saboda dafinsa. Mu maza muna can muna fere kara, muna haɗa sille da totuwa muna ƙera mota da tabarau. Ita jigida ma da ake ta yi wa waƙa, tsohuwar ba roba ba ce. Ɓawon ƙwarar manja ake fasawa, a goge, a huda, a fitar da 'yan fale-fale baƙaƙe a shirya su a zare, kuma daga kudu fatake ke kawo ta. Ta roba mai launi-launi baƙuwa ce ta baya-bayan nan.

Akwai kayan adon da muka mayar sunayen 'ya'yanmu, har muka manta kaya ne. Lantana jan dutse ne. Daga wani yanki na bakin kogin Kwara, kudu da Yamai a Nijar ta yau, ake haƙo shi, fataken Hausawa su kai shi Ilori. A can ne masu sana'ar ke fasa shi, su huda da ɗan ƙarfe suna ƙwanƙwasawa a hankali, su goge shi a kan dutse har ya yi sheƙi, daga nan ya bazu har fadar Benin. Sana'ar ta durƙushe a wajen shekarun 1930, bayan duwatsun kanti masu araha sun cika kasuwa. Murjani kuwa ba dutse ba ne ma, wata halitta ce ta ƙarƙashin teku, daga Bahar Rum ake ciro shi, ya ratso Sahara a bayan raƙumi. Duk Murja da Lantanar da ke cikin wannan zaure, sai ku san sunanku ya yi tafiya.

Amma babu wanda ya kai wuri tafiya. Mun saba ganin wuri a jikin kayan maharba da 'yan tauri, a kitson Fulani, a wuyan gora, har muna ɗaukarsa ɗan gida. Alhali ko ɗaya ba a haifa a ƙasar Hausa ba. Asalin ƙaramin farin nan tsibiran Maldibs ne a tekun Indiya. Ibn Battuta, wanda ya zauna a can a wajen 1343 zuwa 1344 har ya yi alƙalanci, ya bayyana yadda mutanen ke tsinto shi daga teku su zuba a ramuka a bakin gaɓa, naman ya ruɓe, farin ƙashin ya rage. Bayan kamar shekara goma da ya zo Mali da Gawo, sai ya tarar ana canjin wuri 1,150 a kan dinari ɗaya na zinariya. Kalmar kuɗi da muke kashe juna a kanta yau jam'in wuri ce, ba wani abu ba. Dubu ɗaya shi ne zambar, 20,000 kuma keso, sunan tsohuwar tabarmar da ake ƙunshe su a ciki. Kun ga kaba ta sake dawowa: ita ce lalitar attajiran da.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ga yadda ake zaman ƙirga wuri a Tasawa, biyar-biyar, ana tara su tsibi-tsibi, kuma da ya iso Kano a 1851 wuri 2,500 ne ke sayen dala ɗaya ta azurfa. A cikin wancan ƙarnin ne kamfanonin Jamus suka riƙa jido wani nau'in wuri mai girma daga Zanzibar a jiragen ruwa suna zubewa a gaɓar Afirka ta Yamma, har darajarsa ta zube, ya zamana kuɗin dakonsa na neman cinye shi. Turawan Ingila suka hana shigo da shi a 1904, anini da kobo masu huda a tsakiya suka maye gurbinsa. Wuri ya sauka daga karagar kuɗi, ya koma aikinsa na farko, wato ado.

Mun ce aikinsa na farko, kuma shaidar hakan tana nan cikin jiharmu. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, gabas da birnin Katsina, akwai tuddan kaburburan wasu manyan mutane na da. H. R. Palmer ya tona wasu a 1907, a farkon sarautar Sarki Muhammadu Dikko, sannan a 1992 aka sake tona wasu tare da masu bincike daga Jamus. Kayan da aka samu an kai su birnin Mainz aka tsaftace su aka yi nazarinsu, aka sanya zamaninsu tsakanin ƙarni na 13 da na 16. A ciki akwai 'yan kunne da zobe na zinariya, warwaron hauren giwa, duwatsun wuya na gilashi da na jan dutse, tasar tagulla irin ta Gabas ta Tsakiya, da kuma wuri da aka yi wa mamaci ado da shi. Wato tun kafin wuri ya zama kuɗin cefane a kasuwanninmu, ya riga ya zama adon manya a ƙasar Katsina.

Nan ne muke so mu ɗan tsaya, don akwai tarko. Duk wanda ya karanta jerin kayan Durɓi zai ce lallai kakanninmu zinariya da hauren giwa suke sawa. A'a. Abin da ƙasa ta kasa ci ne kawai ya rage. Zinariya ba ta ruɓa, tagulla sai dai ta yi tsatsa, amma tabarma da faifai da ƙwarya da jigida, damina kaɗan da gara sun ishe su. Ga shi kuma kaburburan na masu mulki ne. Matar manomi da ta yi shekara hamsin tana saƙa faifai ba ta bar ko sili ɗaya da mai haƙa zai tarar ba. Littattafan matafiya ma haka suke. Barth ya bi ta Kusada a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, inda ya isa ranar 2 ga Fabrairu 1851, ya yaba da kyawun ƙasar da yawan itatuwanta, har yana kawo sunayensu da Hausa. Amma baƙo ne, namiji ne, a kan doki yake, zaure ne iyakarsa. Abin da ke rataye a ragaya can cikin ɗaki, idonsa bai kai ba. In muka dogara da gidan tarihi da littafin Bature kaɗai, za mu rubuta tarihin fada mu ce na gari ne.

Duk da haka akwai waɗanda suka yi mana tanadi, kuma ya kamata mu san su. Dakta J. M. Dalziel ya fitar da littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Ƙamusun G. P. Bargery na 1934 cike yake da kalmomin sana'a da yanzu ko a ƙauye sai an tona. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, yana cikin 'yan kaɗan da suka shiga cikin gida suka ji ta bakin mace kan aure da kayan ɗaki. David Heathcote, da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara kayan fasahar Hausa aka baje kolinsu a Landan a 1976. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne duk waɗannan da Turanci aka yi su, ko kuma don mai jin Turanci. Mu da harshen yake namu, muna nan muna sauke jarumarmu a filin jirgin Dubai.

Ba muna cewa a daina rubuta labarin masu kuɗi ba ne, kowa da abin da alƙalaminsa ya fi so, kuma masu karatu na saye. Ba kuma kukan a koma shan fura a ƙoƙo muke ba. Roba ta fi araha, ba ta fashewa, uwar da ta zaɓe ta ba wauta ta yi ba. Maganarmu ta sana'armu ce. In ka rubuta cewa "ɗakin ya sha kayan gargajiya", ba ka nuna wa mai karatu komai ba. In kuwa ka ce uwar miji ta shigo ta ɗaga ido ta ƙirga faya-fayan bango, ta ga biyu daga ciki saƙar aro ce, ka riga ka ba mu talaucin gidan su amarya, da halin surukar, da rigimar da ke tafe, duk a layi ɗaya. In ka sa kishiya ta fasa ƙwaryar gado ta ce tsautsayi ne, mai karatu zai ji zafin ne kawai in ka riga ka nuna masa hannun da ya zana ta. Kuma in labarinka na zamanin wuri ne, attajirinka ba zai zaro kuɗin doki daga aljihu ba, sai ya nemo masu dako da jakuna, sai an zauna ƙirga har rana ta karkata. A cikin wannan zaman ƙirgar kaɗai akwai wurin cuta, da gardama, da saɓani da zai riƙe babi guda.

Lokaci kuma ba ya jiranmu, ta fuska biyu. Itatuwan na raguwa: gona na cin daji, ana sare goriba don azara da itacen girki, tsiron kaba kuma garma na tumɓuke shi. Masu sanin ma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar Kurmi a Kano, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, har yanzu ana samun ƙwarya mai zane da faifai da tandun kwalli, amma yawanci don baƙi da masu kwalliyar ranar al'ada a makarantu ake ajiye su. Mai sayarwa zai gaya maka farashi, ba lallai ya gaya maka sunan zanen ba.

Da muka je gida mun koyi wani abu game da yadda ake tambaya. Mun fara da cewa, "Iya, ba mu labarin al'adun da." Ta dube mu ta ce ita ba ta san wani labari ba, mu je wurin malamai. Washegari muka dawo da wani tsohon faifai da muka tsinta a bayan rumbu, gefensa duk ya zaizaye, muka ajiye mata a cinya ba mu ce komai ba. Ta juya shi, ta shafa bayansa da babban yatsa, ta ce wannan ba saƙar gidan nan ba ce, mai wannan hannun bahaguwa ce. Daga nan ba mu tashi ba sai da aka kira la'asar, wayarmu na ɗauka har caji ya ƙare. A cikin hirar ne muka ji wace ce bahaguwar, da dalilin da ya sa faifanta ya kwana a gidanmu ita ba ta kwana ba.

'Yan uwa na Daura da Funtuwa, na Sakkwato da Zazzau, da na Maraɗi da Damagaram, sunayen kayan nan suna sauyawa daga gari zuwa gari. Wanda garinsu ke kiran zunguru ko adudu ko ragaya da wani suna daban, ya ajiye mana shi a ƙasan wannan rubutu tare da sunan garin.